Yadda Ake Sabo da Kyanwar Tsintuwa Mai Cizo da Yakushi Har Ta Saki Jiki

Hausawa na cewa kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. To wadda na tsinto a bayan rumfunan masu kifi a kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, ba ta da labarin wannan karin magana. Waya ce ta shaƙe mata ƙafar baya har ta nutse cikin nama, yara kuma sun kewaye ta kowa da tsakuwa a hannu. Na jefa mata buhu, na naɗe, na hau moto da ita zuwa gida. Tukwicin da na samu shi ne layi uku na jini daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Goggona ta dubi hannun, ta dubi buhun da ke ta mutsu-mutsu a ƙasa, ta ce, "Kai dai ba ka gajiya da jawo wa kanka. Mayar da ita inda ka ɗauko ta." Ban mayar ba. Yaran gida suka sa mata suna Tsintuwa.

Kyanwar da ke huci tana kai hannu, tsoro ne ya cika mata ciki. Dabba ce da ba ta wuce kilo 3 ko 4 ba, kai kuwa ka ninka ta sau 15 ko fiye, ga ka tsaye ƙiƙam a kanta. A titi ta sha jifa da takalmi, ta sha tsintsiya, wataƙila har ruwan zafi an watsa mata. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ita kuma da ba ta da wurin gudu sai ta yi faɗa. Saboda haka aikin gaba ɗayansa a kan tazara yake. Tazarar da ke tsakaninku ita ce za ta rage ta da ƙafarta, kai naka ka shirya abin da zai sa ta ga dama.

Hannunka tukuna

Idan wajen kamu ta cije ka ko ta yakushe ka har jini ya fito, ajiye maganar sabo a gefe. Tara wurin a famfo, ko wani ya riƙa zuba maka ruwa da buta, kana wankewa da sabulu har minti 15. Ka duba agogo, don minti 15 ya fi yadda kake zato tsawo. Ka shafa Betadine, maganin kashe ƙwayoyin cuta a rauni, ka tafi asibiti a ranar. Cutar haukan kare, wadda ma'aikatan asibitinmu ke kira rage da Faransanci, kyanwa ma tana ɗauka kuma tana bayarwa ta yawu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum da wuya a tashi. Allurar da ake yi bayan cizo tana tare ta idan an yi da wuri. A Garwa ka nufi babban asibiti ko reshen Cibiyar Pasteur ka tambaya, ka gaya musu kyanwar titi ce da ba a san tarihinta ba, a duba maka maganar tetanus ma. Ana sa ido kan dabbar da ta yi cizo har kwana 10, amma wannan ba dalilin zama gida jira ba ne. Likita shi zai ce a ci gaba da allura ko a tsaya.

Ko babu haukan kare, cizon kyanwa ya fi yakushinta sharri. Haƙorinta siriri ne kamar allura, yana cusa ƙwayoyin cuta can ciki, bakin ramin ya rufe a kansu. Yatsa ko bayan hannu kan kumbura ya yi ja cikin kwana guda. Kada ka raina shi don ka ga ɗigo biyu kawai.

Akwai kuma kyanwar da ba ta sabo ba ce sam. In ka ga tana dalalar da yawu, ta kasa haɗiya, tana tangaɗi, ƙafafun baya sun saki, ko tana kai wa komai cizo har itace da ƙarfe ba ta ja da baya, rufe ƙofa ka kira ma'aikatan lafiyar dabbobi, kada kowa ya taɓa ta. Mai tsoro daban take: takan kai hari sau ɗaya ta koma lungu, kuma in ta ga hanyar tsira ita take bi.

Daga nan sai likitan dabbobi. Ma'aikatar kiwo, MINEPIA, tana da ma'aikata a garuruwanmu, akwai kuma likitoci masu zaman kansu. Aikinsu ya fi karkata ga shanu da tumaki da kaji, don haka tambayi wanda ke duba kyanwa kafin ka ɗauko ta. Dalilin zuwan shi ne ciwo na sa faɗa. Ƙurjin da ya tara mugunya a ƙarƙashin gashi bayan faɗa da muzuru, ruɓaɓɓen haƙori, karaya, duk suna mai da kyanwa mai sanyin hali ta koma zakanya. Tsintuwa sai da aka yi mata allurar barci aka yanke wayar. A wannan zuwan a yi komai lokaci guda: allurar haukan kare idan ta kai wata 3, maganin tsutsar ciki, maganin ƙuma. A duba kuma ko tana shayarwa. In nonuwanta sun cika, akwai 'ya'ya a inda ka ɗauko ta, kuma ba za ta natsu ba sai ka koma ka nemo su. Gara a gama duk abin da zai ɓata mata rai tun farko, kafin ka soma gina amana, da a zo tsakiyar aiki a rushe.

Maganin mutane kuwa, haram a kanta. Ƙwayar parasetamol guda ɗaya na iya kashe kyanwa, don hantarta ba ta iya sarrafa shi. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin permethrin yana sa ta jijjiga har ta mutu. Kananzir da baƙin mai da wasu ke shafa wa dabba don ƙuma, ita lashe jikinta take yi, duk cikinta zai tafi.

Ɗakinta

Ka ware mata ɗaki guda mai ƙofa, ƙarami ya fi. Kada ka sake ta a tsakar gida ranar farko, don kafin ka juya ta haura katanga ko ta shige wani rami da sai an fasa gini. A nan arewa zafi ne abin dubawa na farko. A watan Maris da Afrilu, Garwa da Marwa da Njamena sukan haura digiri 40, kuma shagon kwano a rufe tanda ne. Zaɓi ɗakin da ke da inuwa da taga, ka toshe tagar da ragar waya mai ƙarfi. In da randa a ɗakin, madalla, gindinta ne wurin da za ta fi so. Lokacin hunturu kuma tsohon bargo ya wadatar.

Cikin ɗakin, abu mafi muhimmanci shi ne maɓoya. Samo kwali, ka huda masa ƙofa biyu, ɗaya a gaba ɗaya a gefe, don kyanwa ba ta son ramin da ba shi da mafita. Ajiye shi a kusurwa, bakinsa ba ya fuskantar ƙofar ɗaki. In akwai tebur ko kanta da za ta hau, bar mata, tsayi na kwantar mata da hankali. Amma ka toshe wuraren da in ta shiga ba ka iya ganinta: bayan buhunan hatsi, ramin silin, ƙarƙashin kabad. Wannan kwalin nata ne. Ba ka zura hannu, ba ka ɗaga shi, ba ka leƙawa da tocila. Ranar da ka jawo ta daga ciki, ka koya mata cewa babu wurin tsira a gidanka.

Bayan gida ba ya buƙatar kuɗi. Faffaɗar roba da yashin Binuwai, zurfin yatsa uku ko huɗu, kyanwa da kanta ta san abin yi. Ka kwashe kashin kullum, ka sauya yashin duk bayan 'yan kwanaki, ka wanke hannu. Mai juna biyu kada ta yi wannan aikin, saboda akwai wata cuta a kashin kyanwa da ke iya taɓa ɗan ciki. Robar yashi a kusurwa ɗaya, abinci a wata, ruwa a wata. Ka jefa mata guntun icce mai kauri don wasa farce, da tsohuwar rigarka da ba a wanke ba a kusa da kwalin, ta riƙa jin warinka lokacin da babu abin tsoro. Fesa maganin sauro da turaren wuta a bar su a sauran ɗakuna.

Wani maƙwabcina dattijo da ya ji na kulle kyanwa ya tare ni bayan la'asar. "Ɗana, ka manta da matar da ta shiga wuta saboda kyanwa?" Na ce, "Ban manta ba, Baffa." Hadisin na nan a Bukhari da Muslim, kuma laifin matar shi ne ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Tunatarwarsa a kan hanya take: wanda ya rufe ƙofa ya ɗauki nauyin ci da sha a wuyansa. In kai matafiyi ne, yau Kuseri gobe Ngaundere, kuma babu mai tsaya maka, kada ka fara.

Kwanakin farko aikinka ka zama ba ka nan. Ka shiga sau biyu a rana, bayan asuba da bayan magariba, lokutan da kyanwa ta fi kuzari da yunwa. Mutum ɗaya ne zai riƙa shiga. Yi 'yar sallama da murya ƙasa kafin ka tura ƙofa, kalma ɗaya kullum, ko "mus-mus" ne ko sunanta, ka ajiye kwano, ka sauya ruwa, ka fita. Ko kallon kwalin kada ka yi. Da safe za ka karanta labarin dare a ƙasa: kwano ya ragu, akwai sawu a yashi. Ranar farko takan ƙi ci, wannan ba komai. In ta cika kwana biyu ta shiga na uku ba ta lasa komai ba, koma wurin likita, don doguwar yunwa na lalata hantar kyanwa.

Abinci kuwa nama ne, kyanwa ba ta rayuwa da tuwo da kunu. Karfasa ko tarwada dafaffe da ruwa zalla, a zare ƙaya, ko tsokar kaza, ko ƙwai dafaffe. Albasa da tafarnuwa na lalata mata jini, saboda haka sauran miya da tsire da kilishi ba nata ba ne. Ƙashin kaza dafaffe na tsagewa ya soke ta. Madara kuma, duk da kowa na ganin ita ce abincin kyanwa, yawancin manyansu zawo take sa su. In kana da halin sayen abincin kyanwa na kanti, ya fi cika. Sardin gwangwani ajiye shi gefe, shi ne kayan toshinka na gaba. Kuma kada ka yi mata horon yunwa wai don ta fito dole. Za ta fito, amma ba amana ce ta fito da ita ba.

Zama

Idan ta soma cinye abinci a kai a kai, sai ka soma zama. Shimfiɗa tabarma a can nesa da kwalin, ka zauna a ƙasa, ka ba ta gefenka, ba gabanka ba. Minti 10 zuwa 15, sau biyu a rana. Yi abin da ba ruwansa da ita: ja carbi, karanta wani abu a hankali yadda za ta ji muryarka, duba waya da sauti a kashe. Kunnenta na jin ƙarar da namu ba ya kamawa, don haka abin da kake gani ƙaramin motsi ne, a wurinta hayaniya ce. In za ka tashi, tashi sannu, ka fita ba tare da ka bi ta gabanta ba.

Kada ka zuba mata ido. A tsakanin kyanwoyi ƙura ido neman faɗa ne. In idanunku sun haɗu, lumshe naka a hankali kamar mai jin barci, ka buɗe rabi, ka kau da kai. A 2020 masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun gwada wannan, suka ga kyanwoyi sukan mayar da lumshewar, kuma sun fi kusantar baƙon da ya lumshe musu ido a kan wanda ya tsaya da fuska a sake. Ranar da Tsintuwa ta fara mayar mini, daga cikin duhun kwali, na ji kamar an ba ni kujerar Makka.

A wannan zaman ne za ka koyi karanta ta, kuma wannan karatun shi zai tsare maka hannu nan gaba. Kunnuwa sun kwanta baya ko gefe, baƙin ido ya buɗe ya cika, jela na dukan ƙasa, fatar baya na motsi, gashi ya miƙe, gurnani daga can cikin maƙogwaro: ka yi kusa, ja baya. In kuwa ta naɗe hannayenta a ƙarƙashin ƙirji, ta yi hamma, ta shiga lasar jikinta, ko ta yi barci kana ɗakin, ka samu ci gaba, don dabbar da ke jiran duka ba ta wanka a gaban mai dukan. Huci kuwa ni godiya nake yi masa. Gargaɗi ne, tana cewa "tsaya nan" kafin ta kai ga haƙori. Wanda ya daka mata tsawa don ta yi huci, zai wayi gari da kyanwar da ke cizo ba sanarwa.

Yanzu sai a sa abinci ya yi aiki. Ajiye kwano kusa da kwalin, ka koma tabarmarka, ka zauna har ta ci a gabanka. Wannan kaɗai na iya ɗaukar mako. In ta ci sau biyu ko uku ba ɗar-ɗar, jawo kwanon taki ɗaya zuwa wajenka. Gobe ko jibi wani takin. Ranar da ta ƙi fitowa, ka yi sauri ke nan, mayar da shi baya taki biyu ka sake farawa. A tsakani ka riƙa mirgina mata 'yan gutsattsarin sardin, ta ƙasa, ba jifa daga sama ba, don hannun da ya ɗaga sama tsakuwa yake tuna mata. Idan kwano ya iso tsawon hannu biyu daga gwiwarka, ɗauko muciya ko ludayi mai dogon hannu, ka shafa kifi a baki, ka kwantar da shi a ƙasa kana riƙe da ɗaya ƙarshen. Ta lasa. Bayan kwanaki ka riƙe shi a tsakiya, sannan kusa da baki.

A nan ne na yi wautata. Tana cikin lasar muciya, kanta a sunkuye, na ga bayanta a fili, zuciya ta ce shafa. Ko gashinta ban gama ji ba ta juyo ta ba ni ɗaya a babban yatsa, ta shige kwali. Kwana shida ba ta ƙara ci a gabana ba. Taɓa kyanwa ta baya tana cin abinci sata ce, kuma ta san sata.

Wasa hanya ce ta biyu, wani lokaci ma ta fi abinci sauri, musamman ga matasa. Kara mai tsawo, zare, gashin kaza biyu a ɗaure. Ja shi a ƙasa yana nesa da ita kamar ɓera mai gudu, ya tsaya, ya ɓuya bayan kwano, ya leƙo. Kada ka kaɗa mata shi a fuska, ɓera ba ya tunkarar kyanwa. Bar ta ta kama shi lokaci-lokaci, ku rufe da ɗan abinci. Mai farauta ba ta tsoro a lokacin da take farauta, kuma ƙarfin da za ta sauke a hannunka ya tafi kan gashin kaza. In an gama ɗauke zaren ka fita da shi, don in ta haɗiye shi yana iya yanka hanji. Yatsunka da yatsun ƙafarka kuwa kada su taɓa zama abin wasa, ko tana ƙarama.

Taɓawa

Sai ta kai tana cin abinci dab da kai, tana zagaya ka, tana shinshinar tabarma. Fara da abin da ba fatarka ba: tsohon buroshin haƙori ɗaure a kara, ko kara da aka naɗe wa tsumma. Ajiye shi ta shinshina, sannan ka goga mata a kumatu sau ɗaya ko biyu. In ta kai masa cizo, kara ya sha. In ta jingina kai, ka ci gaba da haka kwanaki kana rage tsawon karan.

Sannan hannu. Ka miƙa yatsa ɗaya a lanƙwashe, a daidai tsayin hancinta, ka tsaya cak. Ba daga sama ba, ba tafi a buɗe ba. Ta zo ta shinshina. In ta juya ta tafi, an tashi na yau. In ta goga kumatunta a yatsan, ta shafa maka warinta ke nan, don a kumatu da haɓa da goshi take da abin da take yi wa kayanta alama. Sosa mata kumatu, ƙarƙashin haɓa, gindin kunne. Ƙirga uku a zuci, ka janye hannu. In tana so za ta turo kai, ka ƙara uku. Wannan janyewar ita ce sirrin: kullum kai ne ke dainawa kafin ta gaji. Ciki, ƙafafu da jela a bar su. Kyanwar da ta kwanta ta nuna maka ciki ta yarda da kai ne, ba gayyatar hannu ta yi ba. Mage mai kwanciyar ɗaukar rai da ake faɗa, to ga ta nan. Ɗauka sama kuwa a manta da shi har watanni.

Ƙugin da take yi a maƙogwaro, wanda Goggo ke cewa wuridi take ja, yawanci daɗi ne, amma kyanwa mai ciwo ma na yin sa. Dubi kunne da jela kafin ka yarda.

In duk da haka ta cafke hannunka, kada ka fizge. Fizga ce ke yaga fata, kuma abin da ke gudu shi ake ƙara riƙewa. Saki hannun ya mutu, ka ɗan tura shi wajenta, za ta saki. Tashi ka fita shiru, ka wanke kamar yadda aka faɗa a sama. Babu duka, babu watsa ruwa, babu kama ƙeya. In ta tare maka hanya tana gurnani, sa faifai ko matashi a tsakaninku ka wuce. Bayan ka huce ka tambayi kanka me ya faru dab da harin. Sau da yawa za ka tarar ba kai ba ne: muzurun maƙwabta ne ya leƙo ta taga, ko ka shigo da warin kare a wando. Kyanwar da ta harzuƙa haka takan ɗauki sa'o'i kafin ta sauko, a bar ta har sai ta ci abinci ko ta yi wanka.

Buɗe ƙofa

Kada a buɗe kafin mako 3 ko 4, ko da ta saba da wuri, don sai ta ɗauki gidan a matsayin gida za ta dawo in ta fita. Zaɓi lokacin da yara suka tafi makaranta, kafin cin abincinta, ka bar ƙofar a buɗe ka zauna a tsakar gida. Kada ka kira ta, kada ka fito da ita. Ɗakin da kwalin su zauna yadda suke, nan za ta riƙa gudowa.

Mutanen gida kuma ɗaya bayan ɗaya, kowa a zaune, kowa da muciyarsa. Yara doka uku: ba a bin ta, ba a ɗaukar ta, ba a tare ta a lungu. Ƙaramin da bai kai hankali ba kada a bar shi da ita su kaɗai. Ka lura da abin da ke firgita ta musamman. Tsintuwa tsintsiya ce. Da Goggo ta ɗauka sai ta ɓace. Muka riƙa kwantar da tsintsiya a ƙasa da ɗan kifi a nesa da ita, muna matsowa, har ta daina kula. 'Yan tsaki da tattabaru a sa su a keji, amanar da ke tsakaninku ba ta shafe su ba. Maganin ɓera a kwashe shi daga gidan gaba ɗaya, don ɓeran da ya ci guba in ta cinye shi ita ma ta ci. In muzuru ne, yi magana da likita a kan fiɗiya, tana rage yawo da faɗa da fitsarin alama. Macen ma ana yi mata aikin hana haihuwa. Ranar Sallah ko biki ko suna, mayar da ita ɗakinta tun kafin baƙi su cika gida, ka ja ƙofa. Za ta ɗan koma baya bayan irin wannan rana, ko bayan tsawar farkon damina. Koma matakin da ya gabata, ba ta daɗewa a karo na biyu.

Sai dai ba kowace ce ke zama 'yar cinya ba. Kyanwa na koyon sabo da hannun mutum ne tun tana mako 2 zuwa 7 da haihuwa. Wadda ta taɓa zama a gida aka yar da ita tana da wannan a ajiye, tsoro ne ya binne shi; irinta takan yi wa mutum kuka, takan fito da rana, kuma cikin makonni za ka ga sauyi. Wadda aka haifa a kango ta girma ba hannun da ya taɓa ta, shiru take yi, dare kaɗai take motsi. In ka yi wata 2 ko 3 kana bin matakan nan ba ta ko ci a gabanka ba, tsarewar ta zama azaba. A yi mata allura da aikin hana haihuwa, a buɗe mata ƙofa, a ci gaba da ajiye abinci da ruwa a wuri ɗaya lokaci ɗaya. Za ta zauna a gindin rumbu ko kan katanga, ta tsare maka hatsi daga ɓeraye, ta dube ka daga nesa. Haka kuma in gidan akwai mai rarrafe kuma kyanwar ta riƙa kai hari ba ja da baya, nema mata gidan da babu ƙananan yara.

Allurar haukan kare ana sabunta ta, likita zai rubuta maka ranar, kuma ranar ce ke iya rushe aikin watanni idan aka koma kamu da buhu. Tun yanzu samo kwando mai murfi ko akwatin ɗaukar kyanwa, ka bar shi a buɗe a ɗakinta da tsohuwar rigar nan a ciki, kana jefa ɗan sardin lokaci-lokaci har ta mai da shi wurin barci. Ranar tafiya sai ka rufe murfi kawai, ka lulluɓe da zane. Tsintuwa har yau tana ɗingishi da ƙafar nan, har yau kuma ban taɓa ɗaga ta sama ba. Da lokacin allurarta ya zagayo, Goggo ce ta sa kifin a kwando, ta rufe, ta miƙo mini tana cewa in gaya wa mai moto ya bi a hankali wajen ramuka.